HISABIN ZUCIYA DA HISABIN RANAR GOBE: Yadda Wasu Malaman Ahlul Kitabi Suka Karanta Nassosin Azaba

 



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun hira, musamman a bakin samarin da suka ɗan leƙa littattafai ba tare da malami ba. Cewa suke yi wuta da aljanna duk a cikin zuciya suke, tashin ƙiyama kuwa farkawar ruhi ce kurum. Mai faɗin haka yakan jingina maganarsa ga sufaye domin ta yi nauyi, mai ƙin sufaye kuma idan ya ji sai ya tafa hannu ya ce ai ga irinta nan. Wannan gardama ta girmi dukkansu biyu da shekaru aru-aru, kuma an yi ta a cikin Ahlul Kitabi tun kafin a aiko Manzon Allah (SAW). Sun bi hanyar, wasunsu sun samo lu'ulu'u a cikinta, wasunsu kuma santsi ya kwashe su. Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mai yiwuwa wani ya tambaya ko ya halatta a ɗauko zancen littattafansu a irin wannan zama. Malamai sun kasa labaran Banu Isra'ila gida uku: abin da Alƙur'ani da Sunna suka gaskata, da abin da suka ƙaryata, da abin da suka yi shiru a kansa, wanda ba a gaskata shi ba a kuma ƙaryata shi. Imam Burhanuddini Al-Biƙa'i, wanda ya rasu a shekara ta 885 bayan Hijira, ya ciro nassosi masu yawa daga Attaura da Linjila a cikin tafsirinsa Nazmud Durar. Da wasu malaman Alƙahira suka yi masa ca, har da Imam Sakhawi, sai ya wallafa littafi guda sukutum yana kare halaccin yin haka. Abin da za a duba a nan ma bai kai nasa ba, domin tarihin fahimtar mutane ne game da littafin da ke hannunsu, ba kafa hujja da littafin ba.

Matsalar da ta tayar da zancen

A cikin littattafan da Kirista suke kira Tsohon Alkawari akwai wurare masu tsananin gaske. Littafin Yusha'u ɗan Nun ya ba da labarin cin garuruwan Kan'ana da hallaka mazaunansu, babba da yaro. Zabura ta 137, wadda ke kukan bautar da aka kai Banu Isra'ila Babila bayan Bukhtanassar ya rushe Baitul Maƙdis, ta ƙare da yi wa wanda zai fyaɗa jariran Babila a kan dutse fatan alheri. Wani mutum mai suna Markiyon ya karanta irin waɗannan sai ya yanke cewa Ubangijin da ya yi wannan magana daban yake da Ubangijin da Annabi Isa (AS) ya yi wa'azinsa, ya yi watsi da Tsohon Alkawari ɗungurungum. Jama'ar Kirista ta birnin Rum ta kore shi wajen shekara ta 144 Miladiyya, amma korarsa ba ta amsa tambayarsa ba.

Wanda ya fi kowa ɗaukar nauyin amsawa shi ne Orijin, mutumin Iskandariyya ta Masar, wanda aka haifa wajen 185. An kashe mahaifinsa saboda addininsa yana saurayi, shi ma an ɗaure shi an azabtar da shi a zamanin sarki Desiyus a 250, ya mutu 'yan shekaru bayan haka. Ba mutum ne mai wasa da lafazi ba, domin shi ne ya jera nassin Tsohon Alkawari a layuka shida, na Ibrananci da fassarorin Girkanci, yana gwada kalma da kalma. Amma a littafinsa na usulin addini ya ce nassi kamar mutum yake, yana da jiki da rai da ruhi, kuma wanda ya tsaya ga jiki kaɗai bai gama karatu ba.

A wa'azozinsa kan littafin Yusha'u, waɗanda ya yi a Ƙaisariyya ta Falasɗinu, ya nuna cewa ba don yaƙoƙin nan suna nuni ga yaƙin ruhi ba, da almajiran Annabi Isa (AS) ba su bar wa mabiyansu su riƙa karanta su a wuraren ibada ba. Kan'aniyawan da aka ce a hallaka, in ji shi, suna nan zaune a cikin ƙirjin mai sauraro: fushi, da girman kai, da hassada, da sha'awa. Umarnin kada a bar ko ɗaya da rai kuwa ma'anarsa kada mutum ya ƙulla sulhu da wani aibinsa, ya ce wannan ƙarami ne, a bar shi ya zauna.

Inda ya fi zurfafawa shi ne maganar wutar azaba. Ya ce mai zunubi ba a jefa shi cikin wutar da wani ya riga ya hura ba, shi ne yake hura tasa da hannunsa, itacenta kuwa ayyukansa ne. Ya buga misali da zazzaɓi: mutum ya yi ta cusa wa cikinsa abincin da bai dace ba, har abin ya taru ya zama zafi mai cin jiki. Haka rai yake tara munanan ayyuka har lokacin da za su kama da wuta, a buɗe wa zuciya tarihin duk abin da ta aikata ta gan shi a shimfiɗe, ta zama ita ce mai ƙara kuma ita ce shaida a kan kanta.

Haka kuma ya yi da misalin gona da ke cikin Linjilar Matiyu, sura ta 13, inda mai gona ya shuka alkama, maƙiyi ya zo da dare ya watsa wata ciyawa mai kama da ita, aka ce a bar su su girma tare sai ranar girbi a rarrabe. Zahirin misalin rabuwar mutanen kirki ne da mutanen banza a ƙarshen duniya. Orijin ya ƙara da cewa gonar tana iya zama ran mutum guda, ciyawar kuma miyagun ra'ayoyin da Shaiɗan yake shukawa lokacin da mai gona ya yi barci. Duk manomin da ya taɓa fama da shibra a gonar gero ya san wannan: tana fitowa kamar gero, tana shan ruwan gero da takinsa, ba a gane ta sosai sai ta fid da kai. Riya ma haka take zama a cikin ibada.

Waɗanda suka biyo bayansa

Girigori na Nisa, wani malami daga ƙasar da take cikin Turkiyya a yau, ya rubuta littafi kan rayuwar Annabi Musa (AS) a ƙarshen ƙarni na 4. Da ya iso kan labarin mutuwar 'ya'yan fari na Misirawa, wanda Attaurar da ke hannunsu ta kawo, Alƙur'ani kuwa bai lissafa shi cikin ayoyin da aka aika wa Fir'auna ba, sai ya tsaya ya yi tambaya da gaske: ina adalci a kashe jaririn da bai san hagu da dama ba saboda laifin ubansa? Amsarsa ita ce ɗan fari shi ne mafarin sharri. Zina tana da ɗan fari, shi ne kallo da sha'awa. Kisan kai yana da ɗan fari, shi ne fushi. Wanda ya kashe na farkon ya huta da na bayan. A nan mai ilimi zai tuna yadda malaman Musulunci suka jera matakan abin da ke gilmawa a zuciya, daga hajisi zuwa haɗiri, zuwa zancen zuci, zuwa himma, zuwa azama, suka ce ba a kama bawa da na farko-farkon, amma idan abu ya kai azama ya shiga littafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ruhubanawan hamadar Masar sun mayar da wannan karatu tsarin tarbiyya. Yohana Kasiyan, wanda ya zauna da su kafin ya koma kudancin Faransa a farkon ƙarni na 5, ya kawo daga dattawansu cewa manyan cututtukan zuciya takwas ne: zarin ci, da fasiƙanci, da son dukiya, da fushi, da baƙin ciki, da kasala, da son yabo, da girman kai. Ya ce al'ummu bakwai na Kan'ana da aka umarci Banu Isra'ila su kawar su ne bakwai daga ciki, ta takwas kuwa ita ce Masar, wato zarin ci. Sai ya lura da wani abu mai kyau: an ce a hallaka bakwai ɗin, amma Masar cewa aka yi a fita daga cikinta kawai, domin ciki ba ya kasuwa, dole mutum ya ci abinci muddin yana raye, iyakarsa dai ya fita daga bautarsa. Wannan lura ce ta wanda ya yi fama da yunwa da kansa, ba ta mai ji a bakin wani ba.

Ita kuwa Zaburar jariran Babila, Benedik na Italiya, wanda ya rubuta ƙa'idojin zaman ruhubanawa a ƙarni na 6, ya mayar da jariran miyagun tunani tun suna ƙanana, ya umarci almajiri ya farfasa su nan take da sun taso, sannan ya bayyana su ga dattijon da ke yi masa tarbiyya. Dutsen a wurinsa shi ne Almasihu, bisa aƙidarsu wadda Musulmi bai yarda da ita ba. Amma shawarar kada muridi ya ɓoye wa mai tarbiyyarsa abin da ke kai-kawo a ransa, wannan sananniya ce a littattafan ladubban muridi.

Sai kuma Ishaƙu na Ninawa, wanda ya rayu a ƙarƙashin daular Musulunci. Asalinsa daga yankin Ƙaɗar ne, an naɗa shi shugaban Kiristan Ninawa, garin Annabi Yunusa (AS) kusa da Mausil, wajen 676, a zamanin halifancin Mu'awiya (RA). Wata biyar kacal ya yi ya ajiye muƙamin ya shige duwatsun Khuzistan, ya yi ta karatu da rubutu da Suryananci har idanunsa suka tafi. Shi ne ya ce bulalar da ake dukan 'yan wuta da ita bulalar ƙauna ce, domin babu raɗaɗin da ya kai na wanda ya gane a makare cewa ya saɓa wa Mai ƙaunarsa. Ma'abota zauƙi za su ji ƙamshin wani abu a nan, tunda su ma sun ce shamaki daga ganin Ubangiji ya fi kowace azaba ciwo. Sai dai a wani ɓangare na rubuce-rubucensa da aka gano a ɗakin karatu na Okusfod a Ingila a 1983, ya tafi a kan cewa Jahannama tana da iyaka ga kowa da kowa. Nan ne hanya ta rabu.

Inda santsi yake

Shi ma Orijin an jingina masa cewa azaba duk magani ce, ƙarshenta kuma dukkan halitta za ta koma ga Allah. Kirista da kansu ba su haɗiye wannan ba. Malaman Anɗakiya sun yi ta sukar masu yawan tawili, suna ganin cewa idan aka narkar da kowane labari ya zama misali, ba abin da zai saura a hannu. A 543 sarki Jastiniyan ya fitar da hukuncin la'antar ra'ayoyin Orijin, a 553 kuma babban taron malamansu a Ƙusɗanɗiniyya ya sanya sunansa cikin waɗanda aka yi tir da su, kimanin shekara 300 bayan mutuwarsa. Adalci ne a faɗa cewa shi da kansa ya rubuta cewa wuraren da suke gaskiya a zahirinsu sun fi waɗanda ba su da ma'ana sai ta ruhi yawa nesa ba kusa ba. Amma ƙofar da malami ya buɗe kaɗan, na baya sukan ɓalle ta gaba ɗaya.

Tun kafin shi, wani Bayahude mai suna Filo, shi ma ɗan Iskandariyya, wanda ya yi zamani da Annabi Isa (AS), ya ga wannan haɗari. Duk da shi ne uban masu tawili a cikinsu, ya zargi waɗanda suka ce tunda sun gane sirrin Asabar da kaciya to sun huta da kiyaye su. Ya ce zahirin doka jiki ne, ma'anarta rai ce, kuma ba a wofintar da jiki tunda shi ne gidan rai.

A ƙarnonin baya-bayan nan sai ga Imanuwel Siwidinbog, masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, ya ce ai ranar hukunci ta riga ta auku a duniyar ruhi a shekara ta 1757, shi ya gani da idonsa. A 1941 kuma wani malamin Jamus, Rudolf Bultiman, ya yi kira da a tuɓe wa Linjila abin da ya kira rigar tatsuniya, hisabi ya zama matsayar da mutum yake ɗauka yanzu idan ya ji kira. Daga masu kashe jariran tunani saboda tsoron wata rana, an iso ga masu cewa babu wata rana.

Kada wani ya ɗauka wannan cuta ta tsallake al'ummar Musulmi. A ranar 17 ga Ramadan na shekara ta 559 bayan Hijira, daidai da 1164, shugaban Baɗiniyyan da ke ganuwar Alamut a ƙasar Farisa ya hau mumbari ya shelanta cewa ƙiyama ta tsaya, an ɗauke wa mabiyansa nauyin shari'a, aka shimfiɗa abinci aka ci da rana tsaka a cikin watan azumi, kamar yadda marubuta tarihin wancan zamani suka kawo. Sai da jikansa ya hau mulki a 1210 ya mayar da su ga salla da azumi. Wanda ya ce ƙiyama ma'ana ce kawai, ba zai daɗe ba zai ce salla ma ma'ana ce kawai.

Ma'aunin da malaman tasawwufi suka ajiye

Hujjatul Islam Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya fi kowa dacewa a saurara masa a nan, domin shi ne ya yi raddi ga Baɗiniyya da littafi, ya kuma kafirta 'yan falsafa a kan mas'aloli uku, ɗaya daga ciki ita ce musun tashin jikkuna. Amma shi ɗin ne dai a cikin Ihya'u ya yi bayanin ƙaramar ƙiyama, wato mutuwar kowane mutum, inda ya kwatanta jiki da ƙasa, ƙasusuwa da duwatsu, kai da sama, zuciya da rana, ji da gani da taurari, ya nuna yadda duk suke girgiza su zube idan ajali ya sauka. Bai ce wannan ita ce ƙiyamar ba. Cewa ya yi ɗan samfuri ce na babbar da ke tafe. A Mishkatul Anwar kuma ya kawo umarnin da aka yi wa Annabi Musa (AS) na cire takalmansa a kwari mai tsarki, ya ce ishararsa jefar da duniya da lahira daga zuciya, amma Annabi Musa (AS) ya cire takalman da gaske. Ya kawo hadisin da ya nuna mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, ya ce zuciya gida ce, fushi kare ne, amma wanda ya bar kare a ɗakinsa yana cewa ai karen zuci ake nufi ya yi ɓata. Mai soke zahiri Baɗine ne, mai soke sirri busasshe ne, kamili shi ne wanda ya haɗa.

A kan haka malaman aƙida suka tafi. Imam Nasafi ya tabbatar da cewa ana ɗaukar nassosi a kan zahirinsu, kauce musu zuwa abin da Baɗiniyya suke riyawa kuwa ilhadi ne. Mai sharhinsa, Taftazani, ya bayyana cewa isharorin da ke bayyana ga masu suluki, alhali suna riƙe da zahiri, suna daga cikar imani. Wanda ya buɗe Bahrul Madid na Sayyidi Ahmad Ibnu Ajiba, mutumin Maroko da ya rasu a 1224 bayan Hijira, zai ga wannan tsari da idonsa: sai ya gama nahawu da ma'anar aya kamar kowane mai tafsiri, sannan ya buɗe wani sashe daban ya sa masa suna ishara. Idan ya nuna cewa Fir'auna yana ishara ga nafsu mai yawan umarni da mummuna, bai hana Fir'aunan Masar nutsewa a teku ba.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a riƙe. Da yawa daga tawilin malaman Ahlul Kitabi nauyin nassi ne ya tura su gare shi, sun ga abin da hankalinsu bai iya jingina wa Allah ba, suka nemi mafita. Girigori bai ɓoye haka ba. Sufi kuwa ba gudun zahirin Alƙur'ani yake yi ba, babu wani abin kunya a cikinsa da zai rufe. Ishara a wurinsa riba ce a kan uwar kuɗi, kuma ba a gina hukunci ko aƙida a kanta. Saboda haka masu cewa sufaye a wurin ruhubanawa suka kwaso wannan ilimi sun yi gaggawa. Kama ba ta zama gado. Duk wanda ya zauna shi kaɗai da dare yana tsaron zuciyarsa, a hamadar Masar yake ko a Bagadaza, fushi da riya da kwaɗayi ɗaya zai tarar.

A Bagadaza ɗin ne Imam Harisu ɗan Asad ya zauna, wanda ya rasu a 243 bayan Hijira, aka yi masa laƙabi da Al-Muhasibi saboda yawan yi wa kansa hisabi, bisa wasiyyar da aka rawaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa mutum ya binciki kansa kafin a bincike shi. A farkon littafinsa Ar-Ri'aya ya kawo misalin mai shuka wanda irinsa ya faɗi a hanya da kan dutse da cikin ƙaya da ƙasa mai kyau, misalin da yake kusa ƙwarai da wanda ke cikin Linjila, ya yi amfani da shi wajen koyar da ladabin sauraro. Shi ne kuma ya rubuta Kitabut Tawahhum, inda yake kama hannun mai karatu ya sa shi ya sawwara kansa a kan shimfiɗar mutuwa, sannan a cikin kabari, sannan a filin tsayuwa cikin zufa da ƙishirwa, ana kiran sunansa a gaban halittu, sannan ƙafarsa a kan siraɗi. Duk wannan a cikin zuciya yake gudana, mutum yana zaune a kan buzunsa bayan ya idar da wuridinsa. Abin da yake sa gabansa ya faɗi, hawaye ya zubo, ya tashi da safe ya je ya mayar da haƙƙin da ya danne, shi ne sakankancewarsa cewa ranar da yake sawwarawa tana nan tafe, kuma da ƙafafunsa waɗannan zai tsaya a cikinta.